Kamasari, garin masana'antu a gefen Salvador: tambayoyin da ake ta yi min

Tun da na dawo daga jihar Bahiya ta ƙasar Burazil 'yan uwa da abokai ke ta jefo min tambayoyi, wasu don kasuwanci wasu don karatu wasu kuma kawai sun ji an ce akwai tarihin Hausawa a can. Yawanci Salvador suke tambaya, amma ni garin da ya tsaya min a rai shi ne maƙwabcinta Kamasari, don haka na tattaro tambayoyin na amsa su waje ɗaya.

Wai ina ne Kamasarin nan, kuma ya ake kiran sunan?

A rubuce Camaçari ne, amma wannan harafin mai 'yar jela a ƙasa S ake karanta shi, don haka Kamasari za ka ce, in ka ce Kamakari direban tasi ba zai gane ka ba. Sunan daga yaren Tupi ya fito, wato mutanen ƙasar na asali, sunan wata bishiya ce. Garin yana arewa da Salvador babban birnin jihar Bahiya, tafiyar kamar kilomita 40 zuwa 50, kuma ƙidayar 2022 ta nuna mutanensa sun kai wajen dubu 300.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne Kamasari kamar gari biyu ne a cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Akwai cikin gari da suke kira sede, can ne kasuwa da ofisoshin gwamnati da unguwannin ma'aikata, masana'antu na gefensa. Sai kuma bakin teku da suke kira orla mai tsawon kilomita 42, inda ƙauyukan masunta da gidajen masu hali da otal-otal suke. In ka kama ɗaki ta intanet baka duba wannan ba, to sai ka tsinci kanka a bakin ruwa alhali taron da ka je yi yana can cikin masana'anta, ka kama biyan kuɗin mota kullum safe da yamma.

To me ake ƙerawa a can har ake ta maganarsa?

Rukunin masana'antun da ake kira Polo shi ne zuciyar garin. An buɗe shi a 1978 lokacin mulkin soja, da niyyar a kai masana'antu arewa maso gabashin ƙasar, don a lokacin kusan komai a Sao Paulo da kudu ya taru. Da sinadaran man fetur aka fara, kuma dalilin zaɓen wajen a fili yake, akwai matatar mai ta Mataripe kusa, ga tashar jirgin ruwa ta Aratu, ga ruwan ƙarƙashin ƙasa mai yawa. Kamfanin Braskem ne babba a wajen, shi ke sarrafa abin da ya fito daga matata ya mayar da shi sinadaran da sauran kamfanoni ke saya su yi roba da leda da fenti da sabulu da zaren roba, kuma da yawa ta bututu ake tura musu kayan daga wannan katanga zuwa waccan, ba sai an loda a tanka ba. Yanzu kamfanonin wajen sun haura 90, har da masu taya irin su Continental da Bridgestone, da na takin zamani.

Wallahi ranar da na fara wucewa ta wajen da asuba jikina ya yi sanyi. Gari bai gama wayewa ba, fitilu ko ina kamar wani birni daban, bututai sun yi ta ratsa juna a sama, can nesa ga harshen wuta a kan doguwar hasumiya, sai ga bas-bas na ma'aikata sun jero a layi suna shiga, mutane a ciki da kayan aiki wasu sun jingina kai da gilas suna ƙarasa barci. Da yawansu daga Salvador suke tasowa kullum. A nan na gane cewa wannan gari ne na neman halak, mutum ya shigo shi da girmamawa.

Na ji an ce Ford ta tafi, 'yan Chana sun karɓe wajen, gaskiya ne?

Gaskiya ne. Ford ta buɗe masana'antarta a Kamasari a 2001, a nan ake ƙera Fiesta da EcoSport da Ka, sai a Janairun 2021 ta sanar da cewa ta daina ƙera mota a Burazil baki ɗaya. Dubban mutane suka rasa aiki a lokaci guda, kuma ba ma'aikatanta kaɗai abin ya taɓa ba, masu kai mata kayan gyara da masu abinci da direbobi da masu gidan haya duk sai da suka ji a jikinsu. Duk wanda ya ga yadda Kakuri ta koma bayan masaƙun Kaduna sun rufe ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A 2023 kamfanin BYD na ƙasar Sin mai motocin lantarki ya sanar da cewa zai karɓi filin, a 2025 kuma aka fara haɗa motoci a wajen. Hatta titin da ake kira Henry Ford an sauya masa suna zuwa BYD. Sai dai abin bai zo lami lafiya ba, a Disambar 2024 masu binciken ƙwadago na gwamnati suka dakatar da wani ɓangare na ginin bayan sun samu ma'aikata 163 'yan Chana da ɗan kwangila ya kawo cikin yanayin da hukumar ta ce ya yi kama da bauta. Wannan labarin ya taɓa ni sosai, don a ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana bautar da mutane kalmar nan tana da nauyi. In ka zauna da mutanen garin za ka ji fata da tsoro a haɗe, suna murnar aiki ya dawo amma ba su manta yadda aka wayi gari aka rufe musu ƙofa ba.

Za a bar ni in shiga cikin masana'antun in gani?

Sai da gayyata. Ba wajen yawon buɗe ido ba ne, kowane kamfani da ƙofarsa da masu gadinsa, sai wanda ka zo wajensa ya bada sunanka tun kafin ranar, ka zo da fasfo, a yi maka bayanin kiyaye haɗari, a baka hular kwano da tabarau, kuma takalmi rufaffe dole ne. Kar ka ɗaga waya ka fara hoto ba izini. In dai gani kawai kake so, titunan da suka ratsa wajen sun ishe ka, ka ɗauki mota da rana ka zaga.

Ta ina zan bi daga gida, kuma in na sauka fa?

Biza dole, ɗan Najeriya zai nema a ofishin jakadancin Burazil na Abuja ko na Legas, ka kuma riƙe katin rigakafin shawara. Jirgi yawanci sai ka bi ta Addis Ababa ko Kasabalanka ko Doha ko Dubai zuwa Sao Paulo, daga nan ka hau na cikin gida kamar awa biyu da rabi zuwa Salvador. Akwai kuma mai tashi daga Lisbon kai tsaye zuwa Salvador, amma ka bincika maganar bizar wucewa ta Turai kafin ka yanki tikiti. Agogonsu yana bayan namu da awa 4.

Abin daɗin shi ne filin jirgin Salvador yana arewacin birnin ne, ta ɓangaren Kamasari, ba sai ka shiga cunkoson cikin birni ba. In cikin gari za ka, hanyar Via Parafuso za a bi da kai, in bakin teku ne kuma sai Estrada do Coco, wato hanyar kwakwa. Uber na aiki, da wata manhaja mai suna 99, akwai bas, a cikin gari kuma akwai 'yan acaɓa da suke kira mototaxi. Kuɗinsu real ne, kati yana aiki kusan ko ina amma ka riƙe 'yan canji. Turanci kuwa ka ajiye shi a jaka, Fotugis ake yi, ka sauke manhajar fassara tun daga gida ka kuma haddace bom dia da obrigado, mace ta ce obrigada.

Musulmi zai samu abin ci da wajen sallah?

Nan ne fa zan daɗe, don abincin Bahiya ya bani mamaki. Wata yamma na tsaya gaban wata mata sanye da fararen kaya da ɗankwali ta naɗa, ga kasko cike da manja yana tafasa, tana buga ƙullun wake da babban cokalin katako tana ɗiba tana sakawa. Ƙosai ne malam, ƙosai sak, sunansa acarajé, sai dai ya kai girman dunƙulen hannu, kuma in ya soyu sai ta tsaga shi biyu ta cusa masa wani kwaɓi mai kauri da ake kira vatapá da miyar kuɓewa da busasshen jatan lande. Za ta tambaye ka quente ko fria, ba zafin wuta take nufi ba, yaji take nufi, in ka ce quente to ka shirya. A gefe akwai abará, shi kuma alala ce a ganye. Garin rogo ma yana kan kowane tebur.

Sannan akwai wani abinci da har yau sunanmu yake ɗauke da shi, arroz de hauçá, wato shinkafar Hausa, shinkafa ce mai laushi da soyayyen busasshen naman shanu a kai. Da na ga sunan a takardar abinci sai da na yi shiru na ɗan lokaci.

Amma a kula, alade yana shiga abinci da yawa ba tare da an faɗa ba, musamman wake, dafa-dukan wake da nama da suke kira feijoada kam kar ma ka kusance ta, har garin rogon da ake soyawa wani lokaci da kitsen alade ne. Ka koyi cewa sem porco, ma'ana banda alade. Kuma duk da Burazil na kan gaba wajen fitar da naman halal zuwa ƙasashen Musulmi, naman da ke kasuwar unguwa ba shi ba ne, don haka ni kifi na riƙe, moqueca, wato miyar kifi da manja da madarar kwakwa, ta wadatar da ni. Juma'a sai ka shiga Salvador, akwai cibiyar Musulunci ta Bahiya a unguwar Nazaré. Sauran salloli ka tafi da dardumarka, alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa.

Wai da gaske akwai tarihin Hausawa a wajen?

Akwai, kuma ya fi kusa da Kamasari fiye da yadda mutane suka sani. A farkon shekarun 1800, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi a ƙasar Hausa, an kama mutane da yawa an sayar har suka ƙare a Bahiya. Kowa ya fi sanin boren bayi da ake kira Malê na Janairun 1835 da aka yi a Salvador cikin watan azumi, wanda yawancin masu shi Yarabawa Musulmi ne da Hausawa kaɗan a ciki. Amma kafin shi Hausawa ne ke kan gaba, a 1807 an bankaɗo shirinsu kafin su tashi, sai a Fabrairun 1814 suka tashi a wuraren kamun kifi na Itapuã da ke gefen Salvador suka ƙona su suka nufi yankin gonakin rake don su tada sauran bayi. A bakin kogin Joanes aka tare su aka yi artabu, aka kashe da yawansu. Takardun shari'ar lokacin sun kira jagoransu malomi, kaji malam kenan a bakin Bafotuge.

To kogin Joanes ɗin nan shi ne iyakar Kamasari da garin Lauro de Freitas, duk wanda ya bi Estrada do Coco daga filin jirgi sai ya haye gadarsa. Motoci na ta wucewa da gudu kowa na sauri ya isa bakin teku. Ni dai na roƙi direba ya rage gudu, na yi musu addu'a, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Dan Allah in ka je kar ka wuce haka nan.

Banda masana'antu me zan gani?

Bakin tekun. Arembepe ƙauyen masunta ne da ke da cibiyar Tamar mai kula da kunkurun teku, yara za su so wajen, gaba kuma ga Guarajuba da Itacimirim masu ruwa mai kyau. A Vila de Abrantes akwai tsohuwar coci, asalin garin kenan tun 1558 da 'yan mishan suka kafa zango a wajen. Sai dai shigar bakin ruwa a can ba irin tamu ba ce ko kaɗan, mai iyali ya fi kyau ya je da sassafe kafin a cika. A cikin gari ka shiga babbar kasuwa, ka leƙa cibiyar al'adu ta Cidade do Saber.

Tsaro fa, kuma wane lokaci ya fi?

Ba zan ɓoye maka ba, Kamasari ta sha fitowa a sahun gaba na garuruwan Burazil da aka fi kisan kai a 'yan shekarun nan, yawanci rikicin ƙungiyoyin masu ƙwaya ne a wasu unguwanni. Baƙo ba shi ake nema ba amma ƙwacen waya ruwan dare ne. Kar ka bi taswirar waya ka kutsa unguwar da baka sani ba, ka tambayi mai masaukinka tukuna, da dare ka kira mota har ƙofa, in an tare ka ka miƙa abin da aka nema kar ka ja. Lambar 'yan sanda 190, ta motar asibiti 192.

Ruwan sama ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuli, Disamba zuwa Fabrairu kuma zafi ne da cikar jama'a da tsadar ɗaki, don haka in zaɓi na hannunka ka je tsakanin Satumba da Nuwamba. Magariba tana faɗuwa da wuri, wajen shida saura gari ya fara duhu, ka gama zirga-zirgarka kafin nan.