Misalan Yesu a Koyarwar Kirista

Misali, a koyarwar Kirista, gajeren labari ne ko kwatanci da Yesu Almasihu ya ɗauko daga rayuwar yau da kullum, kamar noma, kiwo, su da bashi, domin ya bayyana Mulkin Allah. Ana samunsu a Bisharar Matiyu, Markus da Luka. Yawansu ya danganta da yadda mai lissafi ya ƙirga, amma galibi akan ce talatin zuwa arba'in. Matiyu sura 13 ta tara da yawa wuri guda, ciki har da mai shuka, ƙwayar mastad da taru, yayin da Luka 15 ta jera ɓatacciyar tunkiya, ɓataccen kuɗi da ɓataccen ɗa.

Salon ya girmi zamanin Yesu. A 2 Sama'ila 12, Annabi Natan ya ba Sarki Dauda labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar talaka ya yanka wa baƙonsa. Dauda ya fusata ya yanke wa attajirin hukunci, sai Natan ya ce masa ai shi ne mutumin. Babban aikin misali ke nan: mai sauraro ya yanke hukunci da bakinsa kafin ya farga da kansa ake.

Haka labarin Basamariye yake a Luka 10. Wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa. Yesu ya ba shi labarin matafiyin da 'yan fashi suka yi wa jina-jina a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Firist ya ratse, Balawe (mai hidima a Haikali) ya ratse, sai Basamariye, wanda Yahudawa ba sa ga-maciji da jama'arsa, ya ɗaure masa raunuka, ya kai shi masauki, ya biya dinari 2. Da Yesu ya tambayi masanin wane ne ya zama maƙwabci, ko sunan Basamariyen bai iya furtawa ba, ya ce wanda ya nuna jinƙai.

Sai dai ba sauƙaƙa magana kaɗai misali ke yi ba. A Markus 4:10-12 Yesu ya jawo maganar littafin Annabi Ishaya sura 6 kan masu gani ba sa ganewa, abin da malaman Kirista ke fassarawa da cewa misali na buɗe wa mai nema, yana rufe wa mai taurin zuciya.

An daɗe ana saɓani kan fassara. Agustin na Hippo, babban malamin Kirista da ya rasu a shekara ta 430, ya ba kowane abu a labarin Basamariye ma'ana: matafiyin Adamu ne, masaukin ikilisiya, mai masaukin kuma Manzo Bulus. A ƙarshen ƙarni na 19 Bajamushen masanin Littafi Mai Tsarki Adolf Jülicher ya ce kowane misali manufa ɗaya ke gare shi. Ya gyara wuce gona da iri, amma shi ma ya ɗan zarce, tunda labarin ɓataccen ɗa yana magana kan ƙanen da wan da uban duka.

A Sakkwato, inda Kiristoci tsiraru ne, ana wa'azin misalan a majami'un ECWA, Angalika da Katolika, wasu da Hausa, harshen da ya fara samun cikakken Littafi Mai Tsarki nasa a 1932. Na kiwo ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Na mai shuka ne ke so a tsaya, domin manomin gero da sungumi yake sara, ya zuba iri a rami ya take da ƙafa, don haka zai yi mamakin wanda ya bar irinsa ya faɗa kan hanya da duwatsu. A Falasɗinu ta wancan zamani yafa iri ake yi da hannu.