Hoton Yarima Felipe Próspero

Hoton Yarima Felipe Próspero zane ne da Diego Velázquez, mai zanen fadar Sifaniya, ya yi a shekarar 1659, lokacin yaron yana kusa da cika shekara 2. Yana ajiye yanzu a gidan tarihi na Kunsthistorisches da ke Biyana, babban birnin Ostiriya.

A gidajen sarautar Turai, zana jariri al'amarin siyasa ne. Ana aika hoton ga 'yan uwa da sauran sarakuna don a shaida cewa gida ya samu magaji. Shi ya sa aka fi zana jarirai kamar manya. Misali Hans Holbein, wajen shekarar 1538, ya zana Edward ɗan Sarki Henry VIII na Ingila riƙe da abin wasa na zinare tamkar sandar mulki.

Sarki Felipe IV na Sifaniya kuwa, mahaifin Felipe Próspero, ya matsu da ɗa namiji. Magajinsa Baltasar Carlos ya rasu a 1646, sai a Nuwamban 1657 matarsa Mariana ta haifi wannan yaro. Sai dai yaron ya zo da laulayi, har da farfaɗiya. Mariana 'yar ƙanwar sarkin ce, kuma masana na danganta raunin 'ya'yan gidan Habsburg, wato zuriyar sarkin, da yawan auren zumunci.

Velázquez bai ɓoye wannan rauni ba, kuma a nan darajar zanen take. Yaron na tsaye cikin jar riga da farin ƙyalle a gaba, fuskarsa fari fat, idanunsa na marar lafiya. An rataya masa layu: 'yar ƙararrawa, da ɗan hannu na baƙin dutse don kariya daga kambun baka. Hannunsa na dama ya ɗora a kan wata ƙaramar kujera inda farin kwikwiyo yake kwance. Wanda ya dubi layun nan zai ga irin fargabar da iyayen suke ciki, duk da sarautarsu.

An aika hoton Biyana tare da na yayarsa Margarita mai shuɗiyar riga. Velázquez ya rasu a 1660, yaron kuma ranar 1 ga Nuwamba 1661. Bayan kwana 5 aka haifi ƙanensa, wanda ya zama Carlos II. Carlos ya rasu a 1700 bai bar ɗa ba, sarautar Sifaniya ta koma gidan Bourbon na Faransa.