Wai wasan ces na Turawa ne? Ku duba Wesley So

An daɗe ana cewa darar ces wasan Turawa ne, musamman Rashawa, kuma wai sai ɗan gata da ya tashi a gaban manyan malamai ke yin fice a cikinsa. Wannan magana tana karya gwiwar yara da yawa, kuma ba gaskiya ba ce.

Asalin wasan ma daga Indiya yake, tun wajen ƙarni na 6. Ya bi ta Farisa, Larabawa suka kai shi Turai.

A Filifin kuwa, ces wasan unguwa ne da ake bugawa a bakin titi. Tun 1974 Eugene Torre ya zama ɗan Asiya na farko da ya samu matsayin babban gwani, wanda hukumar ces ta duniya, FIDE, ke bayarwa. A wannan ƙasa aka haifi Wesley So a 1993, a garin Bacoor. Yana ɗan shekara 14 ya cika sharuɗɗan zama babban gwani, tun kafin ya koma Amurka karatu a 2012.

Abin da ya fi burge ni shi ne nasararsa ta 2019 a Norway. A gasar Fischer Random ana hargitsa jerin manyan 'ya'yan dara kafin a fara, don haka haddar buɗe wasa ba ta ceton kowa, sai kaifin tunani. Nan So ya lallasa Magnus Carlsen, zakaran duniya na lokacin, da maki 13.5 da 2.5, a ƙasar Carlsen ɗin.