Jibaralin: Sinadarin Da Ke Kwance Wa Tsiro Dabaibayi

Mene ne jibaralin, kuma ta yaya aka gano shi?

Jibaralin rukuni ne na sinadaran da tsirrai masu fure suke haɗawa a jikinsu domin sarrafa girma, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa kara ya miƙe ko iri ya tsira. A gonar shinkafa aka fara ganin aikinsa. Manoman Japan sun daɗe suna fama da wata cuta da suke kira bakanae, wadda ke sa shuka ta yi tsawo fiye da kima, ta yi siriri, ta ɗashe, sannan ta kwanta ba tare da ta ba da amfani ba. A 1926 wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, wanda ke aiki a Taiwan, ya nuna cewa wani ruwa da fumfunar da ke haddasa cutar take fitarwa shi ne ke jawo wannan tsawo. Teijiro Yabuta ya raɗa wa sinadarin suna a 1935 daga sunan fumfunar, Gibberella fujikuroi. Sai a shekarun 1950 aka tabbatar cewa tsirrai ma da kansu suna haɗa shi. A yau an san nau'in jibaralin fiye da 130, kowanne ana kiransa GA tare da lambarsa, amma kaɗan ne masu aiki, irin su GA1 da GA3 da GA4 da GA7.

A ina tsiro yake haɗa shi?

Galibi a inda girma yake gudana: ƙananan ganye, gaɓoɓin kara masu miƙewa, fure, da irin da bai ƙosa ba. A cikin ƙwayar halitta, aikin yana bi ta zango uku. Ana farawa a filastid, wani ƙaramin sashe na cikin ƙwayar, inda enzayim biyu, wato furotin masu hanzarta sarrafa sinadarai, suke naɗe wani sinadari mai ƙwayoyin kabon 20 ya zama ent-kaurene. Daga nan a wuce da shi wani sashe a mayar da shi GA12, wanda har yanzu ba ya aiki. Sannan a ruwan cikin ƙwayar enzayim ɗin GA20ox da GA3ox su ƙarasa shi. Akwai kuma enzayim ɗin GA2ox, wanda ke kashe ƙarfin sinadarin idan ya yi yawa.

To, yaya yake sa tsiro ya girma?

Nan ne ya kamata mai karatu ya dakata, domin abin ya saɓa da yadda akan zata. A jikin tsiro akwai wasu furotin da ake kira DELLA waɗanda suke riƙe girma kamar yadda dabaibayi ke riƙe ƙafar doki. Idan jibaralin ya samu, sai ya maƙale wa wani furotin mai karɓarsa, GID1, wanda masana a Japan suka gano a shinkafa a 2005. Su biyun su kama DELLA, a sa masa alama, a narkar da shi. Da dabaibayin ya kwance, sai ƙwayoyin halittar kara su rarrabu su kuma yi tsawo. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin yana gyara kansa: idan jibaralin ya ragu, DELLA ya taru, tsiron yakan ƙara haɗa enzayim ɗin da ke samar da shi.

A iri kuwa, duk wanda ya taɓa jiƙa hatsi ya lulluɓe shi har ya fito da ɗan farin tsiro, ya kuma ɗanɗana, ya san zaƙin da yake yi. A sha'ir aka fi nazarin dalilin: ɗan tsiron yana aika jibaralin zuwa wani siririn rufi da ke ƙarƙashin ɓawo, rufin ya saki enzayim mai narkar da sitaci ya koma sukari.

Me wannan ya tsinana wa manomi?

Ya tsinana abu mai yawa. Shinkafar IR8 da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta fitar a 1966 gajeriya ce saboda enzayim ɗinta na GA20ox ya sami naƙasu, don haka takan sha taki ta ɗauki zangarniya mai nauyi ba tare da iska ta kwantar da ita ba. Gajeriyar alkamar Norman Borlaug, masanin noma ɗan Amurka, ta bi wata hanya dabam, domin ita DELLA ɗinta ne ba ya jin kiran jibaralin sosai. Masu gonar inabi marar ƙwallo kuma suna fesa GA3 domin 'ya'yan su yi girma.

Ana iya rage shi da gangan?

Ana iyawa. Maganin paclobutrazol yana tare hanyar haɗa shi tun a zango na biyu, kuma masu lambun mangwaro a Indiya da Tailan suna zuba shi a gindin bishiya domin ta rage tofo ta mai da hankali ga fure. Sai dai yakan daɗe a ƙasa, saboda haka wajibi ne a bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalbar.