Tambayoyi kan tsoffin kuɗin azurfa na bishop-bishop ɗin Jamus

Wai da gaske malaman coci ne suka buga kuɗi?

Eh. A da bishop ɗin Mainz, Trier, Kolon da Munsta sarakuna ne masu ƙasa da haraji, har sojoji gare su. Shi ya sa za ka ga takobi da sandar bishop a gicciye bayan tambarinsu.

Ina da irin kuɗin guda ɗaya, in wanke shi ya yi ƙyalli?

A'a! Na faɗa na sake faɗa, kar ka goga masa toka ko lemun tsami. Wannan baƙi-baƙin da kake ƙi shi masu saye ke biya.

To ya zan gane na jabu?

Nan ne maganar ke da tsawo. Fara da sikeli, thaler (babban kuɗin azurfa) ɗin da aka buga kan yarjejeniyar buga kuɗi ta 1753, wanda za ka ga an rubuta X EINE FEINE MARK a jikinsa, giram 28 ne da ɗan ɗigo, daidai da liyarin Mariya Tiriza mai shekarar 1780 da kakanninmu mata ke ratayawa, in akwai shi a gida sai ka gwada su tare. Na kafin nan sun kai wajen giram 29. Amma fa shi ma nauyin ba hujja ba ne, wanda ya sha hannu yana raguwa kaɗan, kuma mai jabu ma yana da sikeli. Maganaɗisu in ya kama to ƙarfe ne, in bai kama ba kuma ba shi ke nuna azurfa ce ba. Layukan karce a fuskarsa kar su tayar maka da hankali, sau tari a ma'aikata aka zuge shi don nauyi ya daidaita. Duba gefe sosai, in ka ga tabon dalma an taɓa maƙala masa kunne an rataya, na gaske ne wataƙila amma farashi ya faɗi. In kuɗin da yawa ne kai wa masani kafin ka biya.

Nawa ba hoton bishop, an cuce ni?

Kwantar da hankalinka. In an rubuta SEDE VACANTE, kujerar bishop ce ba kowa a kai, majalisar cocin ta buga, kamar na Munsta na 1761.

Yaushe bishop-bishop ɗin suka daina buga kuɗi?

Galibinsu zuwa 1803, da aka ƙwace ƙasashen coci aka raba wa sarakuna.

Nawa zan sayar?

Ban gan shi ba, hoto ɗaya mai hazo ka turo min.