Kamfanin SOMAIR na Arlit: Amsoshin Tambayoyin da Aka Dame Ni da Su

Tun watan Yunin 2025, lokacin da gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da kamfanin haƙar yuraniyum na SOMAIR mallakar ƙasa, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini har bakina ya gaji. Don Allah a karanta wannan kafin a sake aiko wata.

Kafin a karɓe shi, kamfanin na Faransa ne ko na Nijar?

Na haɗin gwiwa ne. An kafa shi a 1968, ya fara fitar da ma'adini a Arlit cikin jihar Agadez a 1971. Kamfanin Orano na Faransa yana da kashi 63.4 cikin ɗari na hannun jari, kamfanin SOPAMIN na gwamnatin Nijar yana da 36.6.

To ina Areva ya shiga?

Areva ne ya koma Orano a 2018, kafin nan kuma Cogema ake kiransa. Gwamnatin Faransa ce ke riƙe da kusan kashi 90 na jarinsa.

Ai an ce an rufe mahaƙar tun 2021?

Wannan mahaƙar kamfanin COMINAK ce ta Akouta, wadda ake shiga ƙarƙashin ƙasa, kuma an rufe ta ranar 31 ga Maris 2021 saboda ma'adininta ya ƙare. Ramukan SOMAIR kuwa daga saman ƙasa ake haƙa su. A daina haɗa su.

Tun da kamfanin ya dawo hannun ƙasa, me ya hana a sayar da yuraniyum ɗin ga duk wanda ya taya?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma masu amsa wannan da kalma ɗaya, ko daga wane ɓangare suke, suna yaudarar jama'a ne. Mallakar ƙasar da ma'adinin yake ciki daban, mallakar hannun jari daban, mallakar kayan da aka riga aka sarrafa aka ɗura a gangunan ƙarfe kuma daban. Ta farko babu gardama a kanta, ta Nijar ce. A bisa tsarin da aka daɗe a kai, masu hannun jari ne ke ɗaukar abin da aka samar gwargwadon kasonsu, shi ya sa Orano yake cewa yana da haƙƙi a kan kayan da suka taru a Arlit. Gwamnatin Janar Tchiani kuwa tana cewa Orano ya shekara fiye da hamsin yana kwasar abin da ya zarce kasonsa, kuma ƙasa mai 'yanci ba ta neman izini kafin ta sayar da arzikinta. A watan Satumban 2025 kotun sasanta rikicin zuba jari ta Bankin Duniya ta umarci Nijar da kada ta sayar ko ta miƙa kayan ga wani. Kotun ba ta da sojan da za ta tura Arlit, gaskiya ne, amma mai saye, da bankin da zai biya, da mai jirgin ruwa, da kamfanin inshora, kowannensu zai auna kasadar a kai shi ƙara ko a riƙe kayan a wata tasha. Saboda haka sayarwa tana yiwuwa, sai dai masu tayi za su ragu, kuma mai yiwuwa wanda ya tsaya ya nemi ragi mai yawa.

Ga kuma hanya. A da manyan motoci ne ke ɗauko gangunan su bi ta Tahoua da Dosso, su tsallaka gadar Gaya zuwa Parakou, sannan a kai su tashar Kwatano. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe, kuma ta nan ne farar wuta da sauran sinadaran sarrafawa suke shigowa, don haka fita da shiga duka suka tsaya. Hanyar Lome ta ratsa Burkina Faso, inda matsalar tsaro ba ɓoyayya ba ce.

Me ya sa ba a ba mu wutar lantarki da yuraniyum ɗin?

Abin da ke fita daga Arlit gari ne mai ruwan ɗorawa, wanda ake samu bayan an niƙa dutse an jiƙa shi da asid, dangin ruwan batir. Sai an sake sarrafa shi an tace a masana'antun waje kafin ya shiga tashar nukiliya, kuma Nijar ba ta da irin wannan tashar. Ita kanta mahaƙar da wutar gawayin kamfanin SONICHAR na Anou Araren take aiki. Masu tsoron cewa za a haɗa bam da waɗannan gangunan su kwantar da hankalinsu.

Filin yuraniyum na Imouraren ma na SOMAIR ne?

A'a. Lasisi ne daban da Orano ya riƙe shekaru ba tare da an fara haƙa don sayarwa ba, gwamnati ta janye shi a watan Yunin 2024.