Tattara bayanan yanayi na shekarun baya domin rahoton raya ƙasa a Bauchi da Gombe

Bayanan yanayi na shekarun baya su ne alƙaluman ruwan sama, zafi, danshin iska da ƙarfinta waɗanda masana suka auna, suka rubuta, suka adana tsawon shekaru. A jihohin Bauchi da Gombe, inda abincin mafi yawan jama'a ya rataya a kan damina guda da ke kankama wajen watan Mayu ko Yuni ta ɗauke wajen Satumba ko Oktoba, duk rahoton da zai yi magana a kan noma, madatsun ruwa, magudanai ko zaizayar ƙasa yana buƙatar waɗannan alƙaluma. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, wadda mazauninta ke Janiba, ta tsayar da shekara 30 a matsayin tsawon lokacin da ake fitar da matsakaicin yanayin wuri, kuma ma'aunin da ake aiki da shi yanzu shi ne na 1991 zuwa 2020. Rahoton da ya dogara ga damina biyar ko shida bai isa a ce ya bayyana yanayin wuri ba.

Inda bayanan suke

Babbar ma'ajiyarsu ita ce Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003 a ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama, ta kuma gaji kundayen awon da aka faro tun zamanin mulkin mallaka. Tudun ruwan koguna da batun ambaliya suna hannun hukumar nazarin albarkatun ruwa ta Najeriya, wato NIHSA, da hukumomin raya koguna: ta Hadeja da Jama'are mai kula da arewacin Bauchi, da ta Binuwai ta Sama, wadda madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola take ƙarƙashinta. Akwai kuma shirye-shiryen bunƙasa noma na jihohi. Gombe na cikin wurare uku, tare da Funtuwa da Gusau, da aka fara irin wannan shiri da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, kuma ma'aunan ruwan sama da malaman gona ke dubawa a shiyyoyi sukan kai inda tashoshin gwamnatin tarayya ba su kai ba. Malaman sassan nazarin ƙasa da na aikin gona a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere su ma hanya ce, domin ko ba su riƙe alƙaluman da kansu ba, sukan san wanda ya riƙe su da kuma inda suke da rauni.

Tarihin mulki yana shafar neman. An fitar da Jihar Gombe daga Bauchi ne a ranar 1 ga Oktoba 1996, ita kuma Bauchi an ƙirƙiro ta a 1976 daga Jihar Arewa maso Gabas. Saboda haka mai neman tsohon awon Kaltungo ko Bajoga zai iya tarar da shi a fayilolin Bauchi, wanda ya girmi wannan kuma a rahotannin Lardin Bauchi da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna.

Yadda ake nema

Ana nema ne a rubuce, a kan takardar hukumar ko ƙungiyar da ke aikin, kuma NiMet kan karɓi kuɗi a kan irin wannan hidima. Abin da ya fi jinkirta amsa shi ne buƙatar da ba a fayyace ba. Takardar da ta ce ana son “bayanan yanayin Gombe” ta bar masanin cikin duhu, alhali wadda ta ambaci tasha, da abin da ake so, da shekarar farawa da ta ƙarewa, da kuma ko na kullum ake buƙata ko na wata-wata, tana sauƙaƙa masa aiki ƙwarai. Ya kamata kuma a faɗi abin da za a yi da alƙaluman, domin masanin da ya san cewa kwalbati za a tsara zai ba da ruwan da ya fi yawa a yini guda, ba jimillar shekara ba.

Awon kullum ya fi kowane daraja. Jimillar shekara ba ta nuna ranar da damina ta kankama, ba ta nuna tsayawar ruwa na mako biyu ko uku bayan shuka, wanda shi ne ke sa manomin gero ko masara sake shuka, ba ta kuma nuna mamakon dare ɗaya da ke buɗe kwazazzabo a unguwannin Gombe. Shekaru biyu za su iya yin daidai a jimilla, ɗaya a cika rumbu, ɗaya a yi asara.

Tantance abin da aka samu

Ma'aunin ruwan sama kwano ne mai mazurari da ake kafawa a fili, nesa da bishiya da gini, mai awo kuma yana juye ruwan a gwangwanin gilashi mai zane kowace safiya a lokaci guda ya rubuta a littafi. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta ruwa a kan kowace murabba'in mita. Daga nan ne mafi yawan kurakurai ke tasowa. Idan mai awo ya yi rashin lafiya ko na'ura ta lalace, gurbin ranar yakan zauna babu komai, kuma wanda ya shigar da littafin cikin kwamfuta zai iya sa sifili a wurin, sai watan Agusta, wanda ya fi kowane wata ruwa a yankin, ya fito tamkar an yi fari. Wani lokaci kuma ruwan kwana uku ake rubutawa a rana ɗaya. Tsofaffin kundaye da inci aka rubuta su, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Tashar da aka ɗauke daga cikin gari zuwa filin jirgin sama, ko wadda gine-gine suka kewaye, za ta nuna sauyin zafi da ba na yanayi ba ne. Don haka wajibi ne a nemi tarihin tashar tare da alƙalumanta.

Shekarun da aka san labarinsu suna taimakawa wajen gwaji. Jerin da bai nuna farin farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984 ba, akwai ayar tambaya a kansa. Haka nan shekarar da aka fara lissafi daga gare ta tana juya sakamako: wanda ya fara daga 1950, lokacin da ruwa ya wadata a yankin Sahel, zai ga raguwa, wanda ya fara daga 1984 zai ga ƙaruwa, kuma dukansu ba ƙarya suka yi ba. Rahoton kirki yakan faɗi dalilin zaɓen shekarunsa.

Bayanan tauraron ɗan Adam

Tashoshi ba su da yawa, ga shi ruwan kudancin Bauchi, kusa da tsaunukan Jos, ya fi na Katagum nesa ba kusa ba, don haka tashar birnin Bauchi ba za ta wakilci Azare ko Gamawa ba. Wannan ya sa ake cike gurbi da rumbunan da ake samu kyauta ta intanet. CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya faro daga 1981, TAMSAT na Jami'ar Reading a Ingila daga 1983, dukansu suna amfani da hotunan tauraron ɗan Adam wajen ƙiyasta ruwan sama a kan kowane yanki mai faɗin kimanin kilomita huɗu zuwa biyar. CRU na Jami'ar East Anglia ya koma har 1901, sai dai faɗin kowane yanki da yake ƙiyastawa ya haura kilomita 50, kuma daga awon tashoshi aka gina shi. Waɗannan duk ƙiyasi ne, sun fi dacewa da jimillar wata ko ta damina, sukan kuma rage girman mamakon yini guda. Masana kan kwatanta su da tashar da ta fi kusa kafin a dogara da su, sannan a rubuta a cikin rahoton waɗanne alƙaluma ne aka auna a ƙasa, waɗanne ne aka ƙiyasta daga sama, da shekarun da aka cike gurbinsu, da sharuɗɗan da mai bayanan ya gindaya a kan sake raba su.